Ɗorin tsohuwar jitar bes: abubuwan ban mamaki a taƙaice

Jitar bes ita ce mai kaurin tsirkiya, wadda ƙirji ke jin amonta kafin kunne. Tun 1951 da Leo Fender ya fito da samfurin Precision a Amurka, makaɗa suka shaƙu da ita, har ko ta karye sai a nemo mai ɗori.

Wadda ta fi shan wahala ita ce ta makaɗi Jaco Pastorius, ƙirar Fender Jazz ta 1962. Shi da kansa ya ciccire siraran ƙarafan da ke gicce a wuyanta, ya cike gurabensu, ya shafe wuyan da irin gam ɗin da ake shafa wa jirgin ruwa don kada tsirkiya ta cinye katakon. Daga baya ta farfashe. Gwanaye biyu, Kevin Kaufman da Jim Hamilton, suka harhaɗa manyan gutsattsari 15 da wasu ƙanana, suka lulluɓe gaba da baya da sabon fallen katako. An gama wannan aiki ba da daɗewa ba aka sace ta a New York a 1986. Jaco ya rasu a 1987 bai sake ganinta ba, sai bayan kusan shekara 20 ta ɓulla a wani shago. Abin yana sosa mini rai.

Shi kuwa James Jamerson na kamfanin waƙoƙin Motown, bai yarda a taɓa tasa ba. Ba ya sauya tsirkiya sai ta tsinke, ba ya goge dauɗar wuyan, don a ganinsa a nan daɗin amon yake. Ita ma an sace ta gab da rasuwarsa a 1983.

Tsirkiyar bes akwai tsada, shi ya sa wasu makaɗa kan tafasa tsohuwa a tukunya. Gumi da maiƙo su fita, amo ya dawo garau, amma na 'yan kwanaki ne.

Tsirkiyoyin bes guda huɗu suna jan wuyan jita da ƙarfin da ya kai nauyin babban mutum, dare da rana. Wani siririn ƙarfe da aka binne a cikin katakon ne ke hana shi lanƙwasa. Mai gyara na gari kaɗan-kaɗan yake murɗa shi, ya bari katako ya huta. Mai gaggawa sai ya ji ɓaras! Hunturu ma yana da nasa: katako ya tsuke, bakin ƙarafan wuya ya fito yana kartar yatsa.

Sabon fenti yakan zubar da darajar tsohuwar jita, wani lokaci har rabi. Tun 1995 ma kamfanin Fender ke sayar da sababbi da aka kankare da gangan don su yi kama da tsofaffi. Ni dai ina bayan mai gyaran da zai ɗaure waya, ya miƙar da wuya, ya bar gurbin da hannun mai ita ya suɗe.

Jitar bes ɗin da Paul Simonon na ƙungiyar The Clash ya maka da ƙasa a 1979 ba a gyara ta ba sam. A karyenta aka ajiye ta a gidan tarihin birnin Landan.

Mawaƙi Paul McCartney kuwa ya sayi tasa ƙirar Höfner a Hamburg ta Jamus a 1961 kan fam 30. Aka sace ta daga cikin mota a Landan a 1972. Masoya suka yi ta cigiya, ashe tana ajiye a saman silin wani gida a garin Hastings, har da akwatinta na asali. A Fabrairun 2024 aka sanar ta koma hannunsa, aka gyara ta, a Disamba kuma ya rataya ta ya hau dandamali a Landan, yana da shekara 82.