Samfurin farawa: Harsashin da ake gina manhajar intanet a kansa

Ɗalibin da ke garin Dandin Mahe, a ƙaramar hukumar Shagari ta jihar Sakkwato, idan ya buɗe wayarsa domin duba sakamakon jarrabawa ko neman gurbi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, yana amfani ne da abin da ake kira manhajar intanet.

Ko shafin zai buɗe masa cikin sauƙi, ko kuwa zai tsaya cik, sau da yawa ya danganta ne da shawarar da masu gina shi suka yanke tun ranar farko, wato lokacin da suka tsara samfurin farawa.

Mene ne samfurin?

Samfurin farawa dai wani ƙwarangwal ne na fayiloli da aka riga aka jera, wanda mai rubuta manhaja ke kwafa a duk lokacin da zai soma sabon aiki.

A cikinsa akan ware wurin ajiye shafuka da hotuna, da hanyar haɗa manhajar da rumbun bayanai, da ƙofar da masu amfani za su riƙa shiga da kalmar sirri, da kuma jerin sauran manhajojin da aikin ya dogara da su.

Wannan salo ya bazu ne bayan fitowar Ruby on Rails a 2004 da Django a 2005, waɗanda ke shimfiɗa wa mutum ƙwarangwal ɗin da umarni guda. A 2011 kuma ma'aikatan Twitter suka fito da Bootstrap, mai tsara kamannin shafi.

Abin da ya shafi Bahaushe

Mafi yawan waɗannan samfura an yi su ne da Turanci, saboda haka akwai gyaran da ya wajaba.

Na farko shi ne tabbatar da tsarin haruffa na UTF-8 a shafi da rumbun bayanai, tare da zaɓen zubin rubutu mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ. Idan aka yi sake, sai sunan Ɗanjuma ya fito da alamar tambaya a madadin harafin farko. Haka kuma akan saka alamar "ha" domin sanar da na'ura cewa shafin na Hausa ne, kuma idan za a yi Ajami, sai an juya rubutun ya fara daga dama.

Na biyu shi ne nauyi. Samfurin da aka cika da manyan hotuna na cinye data, kuma yana jinkirin buɗewa a ƙaramar waya inda sabis ke da rauni.

Na uku shi ne tsaro. Ba a barin kalmomin sirri a cikin fayilolin da ake kwafa ana rabawa, musamman ganin cewa dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin kiyaye su a kan duk mai tattara su.

Samfuri ma na tsufa

A watan Fabrairun 2025 masu kula da React suka sanar da jingine Create React App, samfurin da Facebook ya fito da shi a 2016, suka kuma shawarci masu sabon aiki da su koma ga irin su Next.js ko Vite.

Hakan na nufin kafin a aza harsashi, sai an bincika ko har yanzu akwai masu kula da samfurin da ake shirin ɗauka.