Idan Rumbu Ya Yi Yawa, Daga Wanne Kwamfuta Za Ta Ɗiba?

Garin Kafanchan jirgin ƙasa ne ya raya shi. Tun shekarar 1927 a nan ne hanyar dogo da ta taso daga Fatakwal take rabuwa biyu, ɗaya ta nufi Kaduna, ɗaya ta haura Jos. A unguwar Bayan Loko ta wannan gari ne Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta shiga koya wa mata da matasa aikin kwamfuta, daga baya kuma ta kafa Zittnet, ta riƙa raba wa maƙwabta intanet ɗin da take samu ta tauraron ɗan'adam. Abin da wannan aiki ya bayyana shi ne, a karkara intanet tsada gare shi, kuma idan na'ura ta lalace mai gyara yana nesa.

A irin waɗannan wurare tsofaffin kwamfutoci sun fi yawa, kuma masu kula da su sukan ɗora musu Linux, musamman Debian da aka fara a 1993 ko Ubuntu da ta fito a 2004, domin kyauta ne, ba su da nauyi. A nan ba a sayen manhaja a kanti. Akwai rumbuna a intanet inda aka jibge manhajoji ƙunshi-ƙunshi, sa'an nan akwai wata manhaja mai suna APT wadda ita ce ma'aji, watau ita ke zuwa ta ɗebo abin da aka nema, haɗe da duk abin da yake dogara da shi.

Muddin rumbu ɗaya ne, ba wata rigima. Amma yau da gobe, wani ya ƙara rumbun wani kamfani don na'urar buga takardu, wani ya ƙara na wani mutum can don yana son sabon bugu na wata manhaja. Sai a wayi gari ƙunshi ɗaya yana rumbu uku. To, wanne za a ɗauka?

APT tana ba kowane rumbu daraja da lamba. Idan ba a ce mata kome ba, kowa 500 ne, abin da aka riga aka ɗora a na'ura kuwa 100. Idan daraja ta zo ɗaya, sai ta duba lambar bugu, wanda tasa ta fi girma shi ne ya ci. A nan gizo ke saƙar, gama girman lamba ba shaidar nagarta ba ce. Baƙon rumbu yana iya kawo sabon bugu na wani ginshiƙin manhaja wanda ɗaruruwan wasu suke jingine da shi, a sabunta na'ura da yamma, da safe ɗalibai su tarar ta ƙi tashi, ga kuɗin intanet ya tafi a banza.

Maganin yana cikin wani ɗan fayil da ake kira preferences. Mai kula da na'ura yana iya ɗaga rumbun da ya amince da shi zuwa 990, ya saukar da baƙo zuwa 100, yadda ba zai ture kayan babban rumbu ba sai an kira sunansa. Lambar da ta kai 1000 tana tilasta ɗora ƙunshi ko da tsohon bugu ne, wadda ta gaza sifiri kuwa tana hana shi shigowa sam. Debian da kanta tana ba rumbunta na gwaji daraja 1 kacal. Umurnin apt-cache policy yana nuna wanda zai ci tun ba a taɓa kome ba, kuma abin mamaki ne yadda ake ƙyale shi. Har ila yau, idan bugu ɗaya ne a rumbu biyu, wanda aka fara rubutawa a jerin rumbuna shi ake ɗauka, saboda haka makarantar da ta ajiye kwafen rumbu a cikin gida sai ta sa shi a sama, kwamfuta ashirin su ɗiba ba tare da sun leƙa waje ba. Sai dai a kula, a Fedora lissafin a juye yake: kowa 99 ne, kuma ƙaramar lamba ita ce babba.

Ba mutanen karkara kaɗai abin ya shafa ba. A watan Fabrairu na 2021 wani mai bincike, Alex Birsan, ya bayyana yadda ya kutsa cikin kamfanoni fiye da 35, har da Apple da Microsoft, ba da fasa ƙofa ba. Sunayen ƙunshin da suke amfani da su a cikin gida ya samo, ya zuba nasa masu irin sunan a rumbun jama'a da lambar bugu mai girman gaske, na'urorinsu kuwa suka zaɓi nasa da kansu. Shi don faɗakarwa ya yi, har lada aka ba shi. Amma a ƙarshen Disamba na 2022 an yi wa masu amfani da bugun gwaji na PyTorch irin wannan dabara da wani ƙunshi mai suna torchtriton, wanda ya riƙa kwashe bayanan na'urorinsu yana aikawa waje har kwana biyar kafin a farga.