IDAN BAƘIN MAI YA YI WA INJIN BABUR YAWA

Ƴan uwa manoma, a ƙauyukanmu babur ya zama jakin zamani. Shi ke kai buhun wake kasuwa, shi ke kai mace mai naƙuda likita cikin dare. Saboda haka mutane da yawa suna son koyon kula da shi a gida, musamman canjin baƙin mai, wanda muke kira bidanji. Wannan niyya ce mai kyau. Amma akwai wani kuskure da sabon hannu yakan yi, shi ne zuba mai fiye da kima.

A rangadin da muke yi na cibiyoyin yaƙi da jahilci, mun tarar da wani ɗalibi yana zaune gaban babur ɗinsa, ya yi tagumi. Ya sayi mai lita 1, ya juye shi duka cikin inji, alhali tsohon man bai gama tsiyayewa ba. Ya ce a ganinsa yawan mai ƙarin lafiya ne. Kafin ya kai bakin gari, hayaƙi ya turnuƙe bayansa, babur ya fara tari, ya mutu.

ME YA SA YAWAN MAI KE DA ILLA?

A ƙasan inji akwai ƙarfen da ke juyawa da sauri ƙwarai. Idan mai ya hau fiye da iyakarsa, ƙarfen nan zai dinga kaɗa shi kamar yadda ake kaɗa nono, har ya yi kumfa. Kumfa kuwa iska ce, ba ta hana ƙarfe cin ƙarfe. Sannan man da ya rasa wurin zama yakan nemi hanyar fita. Ya bi ɗan tiyon da inji ke numfashi da shi, ya jiƙa matatar iska, ya shiga inda fetur ke ƙonewa.

Ga alamomin da za ka gani: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa, buji ya yi baƙi ya jiƙe da mai, mai yana ɗiga ta mahaɗar inji, babur kuma ya yi nauyi wajen tashi.

KARATU NA DA RANA

Ƙananan baburan da muka fi hawa, masu lamba 100 zuwa 125, yawancinsu ba sa shan fiye da lita 1, wasu ma ba sa kaiwa. Adadin yana cikin ɗan littafin da ake ba mai saye. Sau da yawa kuma an rubuta shi a jikin inji, kusa da murfin mai. Idan ka ga 800 ml ko 0.8 L, ma'anarsa ka raba lita gida 5, ka zuba 4, ka ajiye 1. A jikin gorar mai kuma ka nemi rubutun 4T, shi ne man irin wannan inji. Wanda aka rubuta wa 2T na wani inji ne dabam.

YADDA ZA KA GYARA KUSKUREN

1. Kashe inji nan take. Kafa babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, a wuri mai daidai, ka bar shi ya huce.

2. Kwance murfin mai. A jikinsa akwai ɗan sandan awo mai alama biyu, ta sama da ta ƙasa. Goge shi da tsumma mai tsabta, ka mayar da shi ba tare da ka murɗa ba, ka sake zarowa. Mai ya kamata ya tsaya tsakanin alamomin nan biyu.

3. Idan ya wuce ta sama kaɗan, sayi sabon sirinji a kantin magani, ka haɗa masa siririn tiyo, ka zuƙo rarar ta bakin murfi. Kada ka tsinci tsohon sirinji a juji ko a bayan likita, yana iya ɗauke da cuta. Kada kuma ka zuƙa da baki.

4. Idan rarar tana da yawa, ko sabon mai ya gauraya da tsoho har ya yi baƙi, kwance notin da ke ƙasan inji, ka tara kwano. Yi haƙuri har ɗigon ƙarshe. Mayar da noti, ka zuba mai gwargwadon adadin da ka karanta.

5. Buɗe akwatin matatar iska, ka goge man da ya taru. Idan matatar ta soso ce, wanke ta da kananzir, ka matse, ka shanya, sannan ka shafa mata ɗan mai kaɗan. Idan ta takarda ce kuma ta jiƙe, sai sabuwa.

6. Kwance buji, ka goge bakinsa har ya bushe, ka mayar.

7. Tayar da inji na minti 2 ko 3, ka kashe, ka ɗan jira, ka sake awo. Ragowar hayaƙi zai ɗauke bayan ƴar tafiya. Idan ya ƙi ɗaukewa, kai wa makaniki, wataƙila ciwon na cikin inji ne.

HATTARA DA NOTI DA BUJI

Nan ne mai gyaran kuskure ke faɗawa cikin wanda ya fi shi. Noti da buji ƙarfe ne mai tauri, jikin inji kuwa alminiyam ne mai taushi. Fara ɗaura su da yatsu. Idan ka ji sun cije tun da fari, sun hau karkace, kwance ka sake. Sai sun zauna sannan ka sa sufana ka ƙara matsewa kaɗan. Wanda ya sa ƙarfinsa duka zai cinye zaren ramin, kuɗin gyara kuma ya ninka kuɗin mai.

TSOHON MAI GUBA NE

Kada a zubar da shi kusa da rijiya ko cikin gona. Kada a shafa shi a gyambon mutum ko na dabba. A zuba shi cikin gora mai murfi, nesa da yara, kuma ban da kwalbar lemo, don kada yaro ya sha. Bayan aiki a wanke hannu da sabulu.

Ɗalibin nan namu ya zuƙe rarar, ya wanke matata, ya goge buji, babur ya tashi da bugu biyu. Abin da ya kashe kuɗin sirinji ne kawai. Mun roƙi malaman cibiyoyi su kai ɗalibai gaban babur, su karanta lambobin da ke jikinsa tare. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.