Inda Bayanan Bincike Ke Ɓacewa Tsakanin Waya da Uwar Garke

Mai binciken da ke tattara bayanai a mazaɓa irin ta Gafasa, cikin ƙaramar hukumar Ajingi ta Jihar Kano mai iyaka da Gaya, yakan cike tambayoyinsa a waya da manhajoji irin su ODK da KoboToolbox, sannan ya tura su ta intanet zuwa uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke karɓar bayanai tana adanawa. Uwar garke tana da kundin aiki, inda take rubuta kowane saƙo da ya iso, da lokacin isowarsa, da ko an karɓe shi ko an ƙi shi. Jihar Kano ta saba da irin wannan tsari tun zamanin yaƙi da shan inna, lokacin da ƙungiyar eHealth Africa ta riƙa bin sawun ma'aikatan rigakafi da wayoyi masu nuna inda mutum yake, kafin a tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta daji daga Afirka a watan Agustan 2020.

Idan aka duba kundin aka tarar babu sawun aikin wata rana, kuskure ne a yi saurin zargin ma'aikaci da zama a gida, domin akwai mashigai da dama da bayani kan maƙale. Ana fara dubawa ne daga wayar kanta, saboda waɗannan manhajoji suna ajiye abin da aka cike har sai an sami sabis, don haka aikin ƙauye yakan kwana a waya bai tafi ba. Daga nan sai a duba hanyar intanet, wadda takan yanke daga nesa, kamar yadda ya faru ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma.

In saƙon ya bar waya, to sai a koma ga uwar garke, inda dalilai uku suka fi yawa. Na farko shi ne agogo, domin galibi tana bin lokacin duniya ne, wanda Najeriya ke gaba da shi da awa ɗaya, ta yadda abin da aka tura da ƙarfe 12:30 na dare zai faɗa kundin jiya. Na biyu shi ne dokar share tsofaffin kundaye bayan wasu kwanaki domin samar da wuri, na uku kuwa cikar ma'ajiya, wadda kan tsayar da rubutu ba tare da gargaɗi ba.

Saboda haka ƙwararru ke gwada adadin da ke waya da wanda ya isa uwar garke kowace rana, kuma ba sa share komai daga waya sai adadin ya yi daidai.