Maganin dajin ƙoda: kada tafiya ta raba ka da likita

Ɗan'uwa makiyayi, da kai ɗan kasuwar kan iyaka, ga abin da shirinmu na lafiya ya tattauna.

Dajin ƙoda ba ya girma sai da jini, kamar yadda garke ba ya zama inda babu ruwa. Ƙwayoyi irin su sunitinib da pazopanib suna hana shi fitar da sabbin jijiyoyin da ke shayar da shi, sai ya tsaya ko ya ragu. Sunitinib galibi mako 4 ake sha, a huta mako 2.

To amma fa suna da tasu wahalar: hawan jini, zawo, kasala, gyambon baki, furfura, tafin hannu da na ƙafa su yi ja suna zafi har su yi bororo. Kai da ke yini a tafe, sa takalmi mai laushi, ka riƙa shafa mai. In zawo ya kama ka cikin zafin rana, sha ruwan gishiri da sukari, ka nemi asibiti.

Kafin ka ƙetare iyaka, auna jininka, ka riƙe takardar likita da maganin da zai ishe ka. Kada ka daina sha ko ka haɗa da jiƙo sai likitanka ya sani.