Samuel Peter: Ɗan Najeriyar da ya riƙe kambun damben duniya na wata bakwai

Ranar 7 ga Disamba, 2019, hankalin masu bibiyar damben boksin a Najeriya ya koma Diriyah ta ƙasar Saudiyya, inda Anthony Joshua ya ƙwato kambunansa daga hannun Andy Ruiz. A wannan ranar ce kuma, a birnin Montreal na Kanada, wani ɗan Najeriya mai shekara 39 ya shiga fage, amma ko zagayen farko bai kammala ba alƙalin wasa ya tsayar da damben saboda dukan da yake sha.

Mutumin shi ne Samuel Peter. Shekara 11 kafin wannan rana, shi ne zakaran duniya na hukumar WBC a ajin masu nauyi, kuma shi ne ɗan Najeriya na farko da ya riƙe wannan kambu.

A yammacin Zamfara, daga Anka zuwa Bukkuyum da Gummi, dambe ba baƙon abu ba ne. Wasa ne na mahauta tun asali, ana yin sa da kaka bayan amfanin gona ya shigo gida, ana kiɗa kalangu ana kirari. Har gobe ana sauraron waƙar da Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya yi wa Shago. Yanzu kuma matasa na kallon damben Turawa a waya, suna jin labarin miliyoyin dalolin da ake samu. Tarihin Peter ya nuna abin da ke cikin wannan sana'a, daɗinta da ɗacinta.

Daga Akwa Ibom zuwa Las Vegas

An haifi Samuel Peter a watan Satumbar 1980 a yankin da yanzu yake jihar Akwa Ibom. Ya fara da damben masu tasowa a gida, ya zama zakaran Najeriya, sannan ya wakilci ƙasar a gasar Olamfik ta 2000 a Sydney ta Ostareliya. A can ya kai zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe, inda Paolo Vidoz na Italiya ya fitar da shi.

Bai samu lambar yabo ba, amma masu neman 'yan dambe sun ga ƙarfin hannunsa. Ya koma Las Vegas ta Amurka, ya zama ƙwararren ɗan dambe a 2001. Ajin da ya shiga shi ne na masu nauyi, wato waɗanda suka haura kusan kilo 91, kuma a wannan aji babu iyaka daga sama. Mai kilo 95 zai iya haɗuwa da mai kilo 120.

Peter ya yi dambe 24 a jere ba a doke shi ba, yawanci da bugun kwaf ɗaya. A Disambar 2004 ya sumar da Jeremy Williams a zagaye na biyu da naushin hagu, kuma daga nan sunansa ya bazu. Laƙabinsa a fage shi ne Nigerian Nightmare, ma'ana mugun mafarki daga Najeriya.

Ya kayar da Klitschko sau uku, ya kuma sha kaye

Ranar 24 ga Satumba, 2005, Peter ya haɗu da Wladimir Klitschko na Yukren a Atlantic City. Ya kai shi ƙasa sau biyu a zagaye na biyar, ya sake kai shi a zagaye na goma. Da a gidan damben gargajiya ne, tun faɗuwar farko an yi kisa, makaɗa sun ɗauki kirari, magana ta ƙare.

Dokar boksin daban take. Wanda ya faɗi yana da ƙidaya goma ya miƙe. Idan aka kammala zagaye 12, kowanne na minti uku, alƙalai uku ne ke haɗa maki: wanda ya ci zagaye yana samun 10, abokin karawarsa 9, ana kuma rage maki idan mutum ya faɗi. Klitschko ya fi Peter tsawo da kusan santimita 10, sai ya riƙa tsare shi daga nesa da naushin hagu, idan ya matso ya rungume shi. Ta haka ya lashe mafi yawan zagayen. Alƙalan uku duka suka ba shi nasara da maki 114 da 111.

Wannan dambe ya fito da ƙarfin Peter da rauninsa a lokaci guda. Duk wanda ya sama da kyau zai faɗi, amma dogon mutum mai haƙuri da iya taku yana iya hana shi isowa.

Kambu ya zo hannu

Peter ya farfaɗo da nasara biyu a kan James Toney, tsohon hannu da ya yi suna wajen kauce wa naushi. Ta farko a Satumbar 2006 ta jawo gardama saboda alƙalai sun rabu, sai WBC ta sa aka sake. A Janairun 2007 Peter ya yi nasara ba tare da jayayya ba.

A Oktobar 2007, a zauren Madison Square Garden na New York, Jameel McCline ya kai shi ƙasa sau uku a zagaye na biyu da na uku. Peter ya miƙe duk sau ukun, ya kuma ci damben da maki. Abin da Klitschko ya yi masa shekara biyu baya, shi ya yi wa McCline.

Ranar 8 ga Maris, 2008, a Cancun ta ƙasar Meziko, ya fuskanci mai riƙe da kambun WBC, Oleg Maskaev. A zagaye na shida ya rutsa shi a jikin igiya da ruwan naushi har alƙalin wasa ya shiga tsakani. Yana da shekara 27 ya zama zakaran duniya. Kafin shi, Najeriya ta ga Hogan Bassey, wanda ya ci kambun duniya a ajin marasa nauyi a 1957, da Dick Tiger, wanda ya ci nasa a ajin matsakaita a 1962.

Wata bakwai

Damben farko na kare kambun shi ne na ƙarshe. Ranar 11 ga Oktoba, 2008, a Berlin ta Jamus, Peter ya haɗu da Vitali Klitschko, yayan Wladimir, wanda yake da shekara 37 kuma ya kusa shekara huɗu bai yi dambe ba saboda raunuka. Mutane da yawa sun zaci wannan dogon hutu zai taimaki Peter.

Haka ba ta faru ba. Vitali mai tsawon mita biyu ya riƙa dukansa daga nesa tun zagayen farko, Peter kuma ya kasa kai masa hannu. Bayan zagaye na takwas ya zauna a kusurwarsa bai sake fitowa ba. Kambun ya bar hannunsa bayan wata bakwai da kwana uku. Vitali daga baya ya shiga siyasa, ya zama magajin garin Kyiv a 2014.

A Maris ɗin 2009 Peter ya sake shan kaye a hannun Eddie Chambers, bayan ya zo da nauyin da ya zarce wanda ya saba. Ya sauya mai horarwa, ya rage jiki, ya ci dambe huɗu a jere, ya samu damar sake karawa da Wladimir a Frankfurt a Satumbar 2010. Wannan karon ko sau ɗaya bai kai shi ƙasa ba, kuma an buge shi a zagaye na goma.

Shekarun gangara

A 2011 Robert Helenius na Finland ya buge shi a zagaye na tara. Ya yi shekaru yana shiga yana fita. A Disambar 2016 ya janye bayan zagaye na uku a gaban Kubrat Pulev a Sofiya ta Bulgeriya. A Yulin 2019 Hughie Fury ya doke shi a Jidda, sai kuma Arslanbek Makhmudov a Montreal a ƙarshen shekarar.

Wannan hanya sananniya ce a boksin. Tsohon zakara yana da suna, masu shirya dambe kuma suna son sunan domin su gina matashin da ke tasowa. Sai a kira shi, a biya shi, ya zama matakalar wani. Kuɗin da ake sanarwa ma ba duka ke shiga aljihun ɗan dambe ba. Bisa al'adar sana'ar, manaja na iya ɗaukar har kashi ɗaya cikin uku, mai horarwa kashi 10 cikin 100, ga haraji da kuɗin sansanin atisaye na makonni.

Sai kuma lafiya. Likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa yawan duka a kai yana lalata ƙwaƙwalwa a hankali, abin da kan bayyana bayan shekaru a matsayin mantuwa, nauyin baki da rawar jiki. WBC ta rage damben kambu daga zagaye 15 zuwa 12 ne bayan mutuwar Duk Koo Kim na Koriya ta Kudu, wanda ya rasu sakamakon karawarsa da Ray Mancini a 1982. A Maris ɗin 2025 ma wani ɗan damben Najeriya, Gabriel Oluwasegun Olanrewaju, ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar dambe a Akara ta Ghana, ya rasu.

Abin da 'yan dambenmu za su duba

Ƙarfi da zuciya ba su yi ƙaranci a ƙasar Hausa ba. Wanda ya naɗe hannu da kara ya tsaya turmi uku a gaban ƙato ba ya buƙatar a koya masa jarumta. Amma ɗan damben gargajiya da hannu ɗaya yake kai hari, ɗayan garkuwa ne, kuma naushi ɗaya yake nema. Boksin na buƙatar hannu biyu, takun ƙafa, da numfashin minti 36. Waɗannan tun ƙuruciya ake koyon su.

Peter ya bi matakai ne: gasar cikin gida, tawagar ƙasa, Olamfik, sannan kwantiragi. Haka David Izonritei da Richard Igbineghu suka ciyo wa Najeriya azurfa a Barcelona a 1992, Duncan Dokiwari kuma tagulla a Atlanta a 1996, dukkansu a manyan azuzuwan nauyi. Ƙofar farko ta wannan hanya ita ce hukumar wasanni ta jiha da Gasar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka fara a 1973, kuma har damben gargajiya ana yi a cikinta. Matashin da ke Gummi ko Bukkuyum ba zai taka wannan mataki ba sai akwai wurin atisaye da mai horarwa kusa da shi.

A nan ne matsalar yankin take. Hare-haren 'yan bindiga sun hana tarukan dare da tafiye-tafiye tsakanin ƙauyuka, waɗanda su ne rayuwar damben kaka. Ƙarfafan matasa da yawa sun koma ramukan haƙar zinare, sana'ar da gubar dalmarta ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010. Waɗanda suka nace wa dambe kan tafi gidajen dambe na birane, irin su Kano da Dei-Dei a Abuja, inda ake karawa akai-akai.

Akwai abubuwan da gidajen damben nan za su iya ara daga boksin ba tare da sun taɓa al'adarsu ba. A boksin ana auna nauyi kafin a haɗa mutum biyu, likita na zaune a bakin fage, kuma wanda aka sumar ana dakatar da shi na makonni kafin ya sake shiga. Wasu masu shirya gasar damben gargajiya a birane sun fara raba 'yan wasa bisa nauyi da kawo ma'aikatan lafiya, amma a wurare da dama wanda aka buge yau zai iya sake naɗa kara kafin mako ya zagayo, domin da damben yake ci da iyalinsa.

Ko da duk waɗannan matakan kariya, Samuel Peter ya ci gaba da karɓar duka har ya kai shekara 39. Ya ɗauki shekara bakwai yana hawa kafin ya kai kan kambu, ya zauna wata bakwai, sannan ya shafe shekara 11 yana neman komawa bai samu ba. Matashin da ke son bin sahunsa yana buƙatar sana'ar da zai koma wa idan hannu ya gaji, da kuma na kusa da zai iya ce masa ya isa haka.