Farautar Bas: Mutanen Da Ke Bin Motocin Haya Da Littafi Da Kyamara

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba. Yau zan ba ku labarin wani aiki da ba a biyan kowa ko sisi a kansa, wanda idan ka fara ji za ka ce rashin abin yi ne kawai. Ni ma haka na ce da farko.

Lokacin da nake karatu a Ingila, wata Asabar ina tsaye a tashar bas ta Victoria a Landan ina jiran lamba 38, sai na lura da wani dattijo a gefe. Yana sanye da rigar ruwa, kyamara a wuya, ɗan littafi a hannu. Bas ta zo, ya leƙa jikinta, ya rubuta wani abu, ya ɗauki hoto, ta tafi. Wata ta zo, ya sake yin haka. Har guda biyar bai shiga ko ɗaya ba. Na ce a raina wannan ko dai ma'aikacin kamfanin ne, ko kuma akwai matsala. Kun san mu da tambaya, sai na matsa na gaishe shi na ce, “Baba, wacce kake jira ne?” Ya yi dariya ya ce ba inda za shi. Akwai wasu bas guda uku da bai taɓa gani ba a cikin irin waɗanda ke bin wannan hanya, su ya fito nema.

Wannan shi ne abin da ni na raɗa wa suna farautar bas. Mutum ya fita ya nemo motocin haya na cikin gari, ya rubuta lambarsu, ya ɗauki hotonsu, ya ajiye tare da kwanan wata da wurin da ya gan su. Wasu bas kawai suke bi, wasu su haɗa da jiragen ƙasa na cikin gari da taragon da ke bin titi.

To ina abin ya samo asali? Daga jirgin ƙasa ya fi yaɗuwa. A 1942 wani matashi mai suna Ian Allan, ɗan shekara 20, yana aiki a ofishin kamfanin jirgin ƙasa na Southern Railway. Mutane suka dame shi da wasiƙu suna tambayar lambobin kawunan jirage, sai ya tattara lambobin ya buga ɗan littafi yana sayarwa sule ɗaya. Nan da nan ya ƙare. Yara suka riƙa zuwa tasha da littafin, duk kan jirgin da suka gani sai su ja layi a ƙarƙashin lambarsa. Daga baya aka buga irinsa na bas. Amma masu son bas sun riga wannan littafi haɗuwa: ƙungiyar Omnibus Society tun 1929 aka kafa ta, sai PSV Circle a 1943, kuma har yau suna tattara tarihin motoci ɗaya bayan ɗaya. A Ingila ana yi wa irin waɗannan mutane tsiya, ana ce musu “anorak”, wato sunan rigar ruwan da suke sawa. Su ko a jikinsu. Abin ya kai Hong Kong, ya kai Japan, a Brazil ma har suna gare su, “busólogo”.

Yanzu bari in yi muku bayanin abin da suke dubawa, don a nan daɗin yake. Mu idan muka ga bas, lambar hanya kawai muke karantawa. Shi mafarauci abu huɗu yake nema.

Na farko lambar hanya, kamar 38 ɗin da nake jira. Wannan ba ta motar ba ce, yau tana hanya kaza, gobe a mayar da ita wata.

Na biyu lambar rajista, wadda ke gaba da baya.

Na uku lambar gida, wato wadda kamfani ya ba motar ya rubuta a jikinta. Ita ce sunanta na gaskiya a wurinsu. Misali, bas masu bene da ake kira New Routemaster, waɗanda suka fara aiki a Fabrairun 2012 a kan wannan hanya ta 38, lambarsu tana farawa da LT. Guda 1,000 kamfanin Wrightbus ya ƙera a garin Ballymena na Ireland ta Arewa. Saboda haka mai farauta ya san iyakar abin da yake nema, ya san nawa ya gani, ya san nawa suka rage. Landan tana da bas sama da 8,000, ka ga kuwa aikin ba ya ƙarewa, tunda kullum ana kawo sababbi ana sallamar tsofaffi.

Na huɗu, wa ya ƙera ta. A nan ne na sha mamaki. Ashe yawancin manyan bas kamfani biyu ne ke haɗa su. Ɗaya ya yi shasi da inji da giya, ɗaya ya ɗora bodi da kujeru. Kun san safar nan da muke ce wa Makopolo, masu zuwa Legas da Onitsha? Marcopolo kamfani ne na Brazil da ke garin Caxias do Sul, an kafa shi a 1949, kuma bodi yake yi. Injin da ke jan ka na Mercedes-Benz ne, ko Scania, ko Volvo. Wato shekara da shekaru muna kiran motar da sunan rigarta.

Sai ɗaukar hoto. Su ma suna da ƙa'idarsu, kuma da wayarka ma za ka iya. Hoton da suka fi so shi ne wanda ka tsaya a kusurwar gaba, yadda fuskar motar da gefenta za su fito tare, tayoyi duka a ciki, ba a yanke mata goshi ba. An fi son gefen da ƙofa take. A Ingila ƙofar tana hagu saboda hannun hagu suke bi, mu kuma tun ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma hannun dama. Ka bar rana a bayanka, don idan tana bayan motar baƙin dodo kawai za ka samu. Safiya da la'asar sun fi tsakar rana. Idan motar tana gudu, shiga saitin hannu na kyamarar ka sa saurin ƙiftawa kamar 1/500. Amma ga wani tarko: allon lantarkin da ke nuna inda bas za ta, ƙyaftawa yake yi da saurin da ido ba ya kamawa. Idan kyamara ta yi sauri da yawa sai rubutun ya fito a yayyanke. Maganinsa ka jira ta tsaya, ka rage saurin zuwa 1/125 ko ƙasa da haka. Kana gamawa ka rubuta lamba, rana, da wuri. Dattijon nan ya ce min hoton da ba lamba ba kwanan wata, bayan shekara goma kai kanka ba za ka san me ka ɗauka ba.

To, me ya sa mutum zai ɓata Asabar ɗinsa a haka? Na tambaye shi. Ya ba ni labarin tsohuwar Routemaster, jar bas mai bene mai buɗaɗɗen baya, wadda fasinja ke iya tsalle ya hau. Ta fara aiki a 1956, an ƙera guda 2,876, aka daina ƙerawa a 1968. Ranar 9 ga Disamba 2005 ta yi aikinta na ƙarshe na yau da kullum a kan hanya mai lamba 159. Ran nan titi ya cika da jama'a da kyamarori, kowa na son hoton ta ƙarshe, mai lamba RM2217. Ya ce shi ranar bai wahalar da kansa ba, don yana da hotunansu tun lokacin da ba wanda ke waiwayarsu.

Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai, kuma ga dalili. Mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, ya yi shekara 14 yana jan bas a Kano, Hayis, daga Bata zuwa Bachirawa ta Kurna. Da motar nan aka biya mana kuɗin makaranta. A cikinta na koyi ba da canji ranar da yaron motarsa bai zo ba. Da na dawo gida na ce wa mahaifiyarmu, “Umma, ko akwai hoton motar Baba?” Ta ce wa zai ɓata fim a kan mota? Hoto na Sallah ne da biki. Na tambayi yayana lambar, ya kawo haruffa, ni na kawo wasu, muka yi ta musu. Abin da muka yarda a kai kawai shi ne rubutun da ke bayanta, “Haƙuri maganin zaman duniya”. Motar tuni 'yan gwangwan suka yanka ta. Wani Bature a Landan zai iya gaya maka garejin da wata bas ta kwana a 1975, ni kuma ba zan iya nuna wa ɗana motar da ta ciyar da ni ba.

Kuma ba gidanmu kaɗai ba ne. Ku duba yadda abin hawa ke ɓacewa a garuruwanmu. A Kano an kawo A Daidaita Sahu a 2005, aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013, su kuma bas ɗin cikin gari suka yi ta raguwa ba tare da an yi shela ba. Wa ke da hoton kiya-kiya mai kyau? A Abuja an hana ƙananan bas da ake kira araba shiga tsakiyar gari a 2013. A Legas an fara BRT a Maris 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, sannan a 2013 aka hana molue tsallaka gada zuwa tsibirin Legas. Molue kuwa a gida ake ɗora mata bodi a kan shasin babbar mota irin Mercedes-Benz 911, shi ya sa da wuya ka ga biyu iri ɗaya sak. Duk wadda aka yanka, irinta ta tafi ke nan. 'Yan'uwanmu na Yamai, faba-faba ɗinku ma wata rana labari za ta zama.

Saboda haka na fara yi a gida. Mu ba mu da littafin Ian Allan, amma akwai abin karantawa. A lambar rajistar Najeriya ta yanzu, haruffa uku na farko ƙaramar hukumar da aka yi wa motar rajista ce: KMC ta Birni da Kewaye, FGE Fagge, DAL Dala. A tsohuwar lamba haruffan a ƙarshe suke. Jan rubutu na motar haya ne, shuɗi na gida, kore na gwamnati. Sai samfurin mota: tsohuwar Hayis ce, ko C20, ko Homa, wadda ita ma Hiace ce, samfurin da Toyota ta fito da shi a 2004. Sai fenti, da rubutun baya, da sitikar ƙungiya, da hanyar da kwandasta ke kira. Duk ina rubutawa.

Amma ku saurara da kyau, don na sha da ƙyar sau ɗaya. Na shiga wata tasha, ban gaishe da kowa ba, na ɗaga waya ina ɗaukar motoci ina rubuta lamba. Kafin in ankara 'yan kamasho huɗu sun zagaye ni. “Kai, wa ya aiko ka?” Na ce sha'awa ce kawai. Ɗaya ya ce, “Sha'awar lambar mota?” Suka karɓi wayar, aka kai ni ofishin shugaban tasha. Abin da ya cece ni sunan hanyar da Baba ya bi da mutanen da ya yi aiki da su. Duk da haka sai da na goge hotunan. Kuma ban ga laifinsu ba. Wanda ya tuna harin bam ɗin tashar New Road a Sabon Gari ranar 18 ga Maris 2013 ya san dalilin da ya sa ba a wasa da baƙo mai kyamara a tasha. Ko a Turai ma abin na faruwa: a Nuwamban 2001 an kama 'yan Birtaniya 12 da 'yan Holan biyu masu farautar jiragen sama a Kalamata ta ƙasar Girka bisa zargin leƙen asiri, aka same su da laifi, sai bayan shekara guda kotun ɗaukaka ƙara ta wanke su.

Don haka idan za ka gwada, fara da sallama. Nemi shugaban tasha ko direban ka ce, “Oga, ina son in ɗauki motarka hoto, zan tura maka.” Yawancinsu daɗi suke ji, wani har sai ya ce tsaya ya goge gilashi. Kada ka ɗauki fuskar fasinja, musamman mata. Kada ka ɗaga waya kusa da shingen jami'an tsaro, ko bariki, ko filin jirgi. Kada ka tsaya a tsakiyar titi saboda hoto. Idan za ka ɗora a Facebook ko Instagram, rufe lambar rajistar sai in mai motar ya yarda, cikakkiyar ka bar ta a ajiyarka. Kuma ka kwafe hotunan a wani wuri, don wayoyinmu kun san halinsu.

Yanzu ina da motoci 212 a littafina. Guda tara a ciki na tabbatar sun daina aiki.

Ga roƙona kafin mu rabu. Ku bincika tsofaffin albam na gida. Wataƙila an ɗauki kawunku hoto a bakin titi, wata bas ta faɗo a bayansa. Idan kun samu, ku ajiye mana a ƙarƙashin wannan rubutu, ku faɗi garin da shekarar in kun sani. Wanda kuma ya ga tsohuwar Hayis ta Bata zuwa Bachirawa mai “Haƙuri maganin zaman duniya” a baya, don Allah ya yi min magana, ko da rabinta ne ya fito a hoton.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.